Watandar jirgin sama, abin da na gani a shekara biyu

Ni dai watanda nake ce ma abin nan na sayen kaso a jirgin alfarma, sai dai maimakon sa, jirgi ake rabawa. Maigidana a nan Jidda ya sayi kason jirgi a wajen wani kamfani shekara biyu ke nan, kuma ni nake buga musu waya in shirya tafiya, to bari in faɗi yadda na same su.

Ana ƙiyasta jirgi guda a kan awa 800 a shekara, sai a raba gida 16, kowane kaso awa 50, mu kaso ɗaya muka ɗauka, yarjejeniyar shekara 5. Ba sabon abu ba ne, kamfanin jirage na NetJets ne suka fara shi a Amurka a 1986, har kamfanin attajirin nan Warren Buffett ya saye su a 1998. Abin da ya ban dariya da farko, jirgin da Alhaji yake da kaso a ciki wlh sau biyu kacal muka taɓa shigarsa, duk wanda ya fi kusa irin samfurinsa shi ake turo maka.

Wajen aiki kam ban da abin cewa. Ka kira yau gobe da safe jirgi na jira a ɓangaren jiragen alfarma na filin Sarki Abdul'aziz, ba layi ba cire bel, mota ta aje ka ka sha gahawa da dabino a tashi, kamar awa ɗaya da rabi kana Riyad, a yi taro a dawo kafin magariba. Matuƙi da gyara da inshora duk ba ruwanka, kuma dawowar da jirgi zai yi ba kowa ciki ba a cire ta daga awanninka, a shata kuwa sai ka biya ta.

Amma fa kuɗi uku ne ba ɗaya ba, nan ne mutane ba sa lura. Akwai kuɗin kason, akwai na kowace awa da ka tashi har da ƙarin mai, sannan akwai na wata-wata wanda ko ka tashi ko kana kwance a gida sai ka biya. Watan da Alhaji ya yi jinya ko filin jirgi bai leƙa ba, takardar kuɗi ta zo cas ba ragin ko riyal.

Sai goman ƙarshe na azumi, lokacin kowa na son jirgi, suka ce ranakun cunkoso ne sai an sanar da wuri, suka matsar mana da tashi awa uku. Yana cikin yarjejeniya, mu ne ba mu karanta ba. Ranar nan Madina za mu, na ce ranka ya daɗe ga jirgin ƙasan Haramain nan wajen awa biyu ya kai mu, ya harare ni na ja bakina.

Zuwa Kano kuma da iyali da kaya ƙaramin namu ba ya ɗauka, sai an ba ka babba, shi kuma awa ɗaya a cikinsa ta fi awa ɗaya a lissafinsu, tafiya biyu ta cinye mana kusan rabin awannin shekara.

Wanda yake zirga-zirgar Riyad da Dammam da Dubai kowane wata zai more shi sosai. In Umra da Sallah kawai kake tashi ka yi shata abinka. Mu saura shekara uku, kuma na ji Alhaji ya fara tambayar nawa za su sayi kason in ya ce ya fasa.