Tsakanin Babban Likitan Gida da Ƙunshin Tafiya Istanbul

Ƙanwata, tsakanin biyun da kika jera, wato babban likitan tiyatar gyaran jiki na asibitin koyarwa a nan gida, da kuma ƙunshin tafiya Istanbul da dillaliya ta turo miki, wanda ya haɗa tikitin jirgi da otal da aikin ƙara girman nono a farashi guda, ki ɗauki na farko. Na bi hanyoyin biyu. Ɗaya na kai ƙarshenta, ɗayar kuwa na tsaya a bakinta bayan kuɗin kafin alƙalamina sun salwanta.

Tun ina jaririya aka matse mini nonon hagu kamar yadda wasu tsofaffi suke yi wa jarirai, wurin ya yi ƙurji, aka kira wanzami ya tsaga, kuma da na balaga sai wannan gefen ya ƙi girma. Na yi shekaru ina cusa soso a rigar mama. Da na yanke shawarar neman gyara, wata likitar mata ce ta rubuta mini takardar ganin babban likitan sashen ƙuna da gyaran jiki na wani asibitin koyarwa. Ba zan manta da zamanmu na farko ba. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da mu, ya ɗauko tef irin na tela ya auna faɗin ƙirjina da nisan da ke tsakanin ƙashin wuya da kan nono, yana faɗa tana rubutawa. Sannan ya ce in ɗaga ɗankwali ya ga kunnena. Na yi mamaki, sai ya bayyana mini cewa yana duba hujin ɗan kunne ne don ya ga ko fatata tana yin irin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da tsiro, domin ya fi yawa a baƙar fata, kuma dole ne a san da shi kafin a zaɓi inda za a yanka. Ya tambayi ko akwai sikila a jinina, ya tambayi hawan jini da ciwon suga, da ko an taɓa samun sankarar mama a danginmu, da ko ina da niyyar ƙara haihuwa. Da ya ji cewa mako 6 ke nan da na yaye ɗana, sai ya rufe fayil ya ce in tafi sai bayan wata 6, domin nonon da bai gama bushewa ya zauna a kan siffarsa ba, ba a auna shi, kuma ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Na fita da ɓacin rai a ranar, amma yau ina yi masa addu'a.

Da na koma, ya ɗora mini samfur biyu a tafin hannu, jakar silikon da jakar ruwan gishiri, irin waɗanda ake sakawa a cikin nono, ya ce in matsa in ji bambancinsu. Ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa gefen biyu ba za su zama daidai kamar an buga su a inji ba, kuma abin da zai saka ba na dindindin ba ne, wata rana za a iya buƙatar cire shi ko sauya shi. Na nemi babba, ya ƙi, ya ce fatar da ke da tsohon tabo ba za ta ɗauka ba. Amma abin da ya sa nake gaya miki ki zaɓi irinsa ya faru ne a rana ta 9 bayan aikin, lokacin da gefen ɗinkin ya yi ja kuma zazzaɓi ya rufe ni. Mijina ya sa ni a mota, kafin magariba ina gaban likitan, ya duba da hannunsa, ya ɗauki samfur don gwaji, ya ɗora ni a kan magani, kuma cikin mako guda abin ya lafa ba tare da an sake buɗe ni ba. Taruwar jini a ƙarƙashin fata takan zo ne a kwanakin farko, ƙwayoyin cuta a makonnin farko, taurin tantanin da jiki yake ginawa kewaye da jakar kuwa yana iya bayyana bayan watanni ko shekaru. A kowane ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi aikin ne ya fi sanin abin da ya bari a ciki.

Kada ki yarda da shi don kawai na yaba shi, ko don yana sanye da farar riga. Ki tantance takardunsa. Duk likitan da ke aiki a Najeriya dole ne ya kasance a rajistar Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa, MDCN, kuma yana sabunta lasisinsa kowace shekara, amma wannan shaida ce kawai ta cewa shi likita ne. Ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki wani horo ne na dabam da ke cin kimanin shekara 6 bayan kammala karatun likita, kuma shaidarsa ita ce FWACS daga Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko FMCS daga Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Sai ki lura, waɗannan haruffan likitan ƙashi ma yana ɗauke da su, likitan mafitsara ma haka, don haka ki tambaya ƙarara a wane fanni ya samu nasa. Ki kuma tambaya ko mamba ne na NAPRAS, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Najeriya. Akwai irin waɗannan sassa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Ƙashi na Inugu. Yawancin aikinsu ƙuna ne da leɓen da ya tsage da sake gina nono bayan sankara, saboda haka ki tambaye shi aikin nono nawa yake yi a shekara, ki nemi ganin hotunan waɗanda ya yi wa bayan shekara guda, ba bayan mako biyu ba. Ki tambayi wanda zai sa ki barci, domin ya kamata ya zama ƙwararren likitan sa barci, kuma a yi aikin a inda akwai ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman. Takardar da aka samu a kwas na mako biyu a Dubai ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gaskiya ne za ki sha jira, kuma yajin aiki yana iya ɗage miki rana, amma da yawa daga cikin manyan likitocin suna ganin marasa lafiya a asibitoci masu zaman kansu ma.

Turkiyya kuwa, ba na musun cewa akwai ƙwararru a can, kuma wasunsu sun fi namu yawan yin wannan aiki. Sai dai abin da aka turo miki farashi ne, ba likita ba. Ni ma haka aka yi mini: na tambayi sunan wanda zai yanka ni, dillaliyar ta ce sai na sauka za a haɗa ni da wanda yake da sarari, na ce ba zan yi cinikin biri a sama ba, a dawo mini da kuɗina, daga nan wayarta ta daina shiga. Ko da komai ya tafi daidai, za ki yi bayanin jikinki ta bakin tafinta, ki sa hannu a takardar da ba ki iya karantawa ba, sannan ki hau jirgi na fiye da sa'a 6 da ɗanyen ɗinki, alhali dogon zama bayan tiyata yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Mu 'yan Najeriya ba mu manta da Stella Obasanjo ba, wadda ta rasu a Sifaniya a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar gyaran jiki, tana matar shugaban ƙasa mai ci. Idan har kin dage sai can, to ki sami cikakken sunan likitan tun kina gida, ki duba shi a jerin mambobin ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya, ISAPS, ki tabbatar asibitin yana da izinin karɓar baƙi daga Ma'aikatar Lafiya ta Turkiyya, kuma ki sami likitan gida da ya amince zai ci gaba da duba ki.

Ko wane ne zai yi, ki tambaye shi sunan kamfanin jakar da zai saka, kuma ki karɓi katinta mai ɗauke da lamba. Nawa yana cikin jakar takardun gidanmu tare da takardar haihuwar yara. Dalili kuwa shi ne, a 2010 aka gano cewa kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a amince a saka a jikin mutum ba, a 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye nau'insa mai kaushin fata, Biocell, daga kasuwannin duniya saboda alaƙarsa da wata sankara da ba a cika samu ba, wadda ke tasowa a tantanin da ke kewaye da jakar. Matan da ke riƙe da kati su ne suka san matsayinsu nan take. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ba da shawarar a yi hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6 da saka jakar silikon, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, domin tana iya fashewa ba tare da mace ta ji komai ba. Likitan da bai ambaci wannan da kansa ba, ki tashi ki ba shi wuri.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, domin na san da zarar kin fara bincike za su cika miki waya. Masu sayar da man shafawa da ƙwayoyi da garin haɗi a Instagram da TikTok, masu cewa cikin kwana 14 za ki ga canji, kwalba uku na saya a hannunsu ban ga komai ba sai ƙuraje. Babu man da ke gina nonon da bai girma ba, kuma waɗanda ke kumbura shi na ɗan lokaci, ba ki san irin sinadarin da aka zuba a ciki ba. Mafi muni su ne masu yin allurar cika nono a shagon gyaran jiki ko a ɗakin otal. Ruwan silikon da aka ɗura kai tsaye cikin nama yana yawo, yana yin ƙulalai masu tauri da ke ɓata hoton binciken sankara, yana iya shiga jini ya toshe huhu, kuma cire shi wani lokaci sai an haɗa da naman nonon. Hotunan kafin da bayan aiki da suke yaɗawa, da yawa na sata ne, ki duba da kyau za ki ga an goge tambarin wani asibiti a kusurwa.

Batun addini ma ya tsaya mini a rai kafin na yi nawa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta bambanta gyaran aibi ko lahani da sauya lafiyayyar halitta don son rai kawai, don haka ki kai wa malamin da kika amince da shi ainihin halin da kike ciki, ba a dunƙule ba.

Ki dakatar da tura wa dillaliyar nan ko kwabo. Ki nemi likitar matan da ke duba ki ta rubuta miki takardar ganin babban likitan gyaran jiki mafi kusa da garinku, ki tafi da mijinki ko yayarki, ki rubuta tambayoyinki a takarda, kuma kafin ki sa hannu ki ga likita na biyu ki ji ko maganarsu ta zo ɗaya.