Marsandi C300 ta 2022: mota ce mai kyau, amma don mai saye na farko aka ƙera ta

Duk wanda ya tambaye ni ko sabuwar C300 mota ce mai kyau, zan ce masa ƙwarai kuwa. Idan ya ƙara da tambayar ko Marsandi ce irin wadda iyayenmu ke nufi in sun ambaci sunan, to amsar za ta yi tsawo, shi ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Wadda nake hawa ƙirar 2022 ce, samfurin da kamfanin ke kira W206, an shigo da ita daga Amurka bayan wani ya ɗan more ta. Kafin ita na daɗe da V-Boot 300E, wato W124, kuma har yau tana gida ban sayar ba. Duka biyun hannuna ya san sitiyarinsu.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Injinta lita 2 ne mai silinda 4 da turbo, yana ba da ƙarfin doki 255, ga wani ɗan injin lantarki mai volt 48 da ke tallafa masa wajen tashi. Tsohuwar 300E mai silinda 6 da lita 3 ba ta kai doki 190 ba, don haka a gudu babu ma maganar kwatance. Giyar sabuwar guda 9 ce, tana sauyawa ba ka ji ba, kuma a kan kwalta mai kyau motar shiru take, kana hira da na kusa da kai ba sai ka ɗaga murya ba. Mai kuwa kaɗan take sha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Fitilunta suna haska hanya sosai da dare, na'urar sanyaya ɗaki tana iya zafin bazara, sannan in wani ya faɗo maka gaba ba zato tana iya taka birki da kanta. Idan hatsari ya zo, Allah ya kiyaye, na fi son 'ya'yana su kasance a cikinta fiye da cikin V-Boot. Wannan ba na musu a kai.

Damuwata a wani wuri take: ina kuɗin ya tafi? A V-Boot an zuba shi ne a inda ido ba ya gani. Dubi waifarta. Guda ɗaya ce tal, amma an yi mata wani ƙarfe a gindi da ke miƙa ta in ta nufi kusurwar gilashi, ya janyo ta in ta zo tsakiya, har ta share kashi 86 cikin 100 na gilashin. Wani injiniya ya ɓata watanni a kan wannan, don kawai direba ya ga hanya da kyau a cikin ruwan sama. Dubi fitilun baya masu tsaga-tsaga: an yi su haka ne don in laka da ƙura sun rufe saman, cikin tsagar ya rage da haske. Madubin ɓangaren fasinja siffarsa daban da na direba, saboda kusurwar da kowanne ke kallo daban ce, ba a damu ba ko wani zai ce ba su yi daidai ba. Ƙafar baya mai sanduna 5 a kowane gefe, wadda aka fara sa wa ƙaramar Marsandi 190 a 1982, ita ke sa motar ta kwanta a kwana ta kuma haɗiye gargada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dillali zai nuna maka ka ce kai! Sai ka shekara da motar kake gane su ɗaya bayan ɗaya. Bruno Sacco, wanda ya shugabanci sashen zane na kamfanin daga 1975 zuwa 1999, ya zana motocin ne yadda ba za su tsufa da wuri ba, kuma ga shi V-Boot mai tsafta har yau in ta wuce sai an waiwaya.

A C300 kuwa kuɗin yana gaban idonka. Allon taɓawa mai inci 11.9 a tsakiya, wani mai inci 12.3 a gaban direba, fitilun ado masu launi 64 da ke zagaye ɗakin. Da dare abin yana da ban sha'awa, baƙo ya shiga sai ya yi ta santi. Amma sauke hannunka ƙasa da gwiwa, ka ƙwanƙwasa gindin ƙofa ko gefen akwatin tsakiya, roba za ka ji irin wadda ake samu a motar da ba ta kai rabin kuɗinta ba. Ta yi kama da babbar rigar da aka kashe dukiya a aikin wuya, aka yi rowa wajen sayen shaddar.

Maɓallai ma an kwashe su. Sanyi da ƙarfin iska duk a cikin allo suke. A sitiyari an sa wasu wurare masu santsi da ake shafawa da yatsa a ƙara sauti ko a rage. Har maɓallin kujera da ke jikin ƙofa, wanda aka yi shi da siffar kujerar kanta, abin da duk mai Marsandi ya sani, yana nan da siffarsa amma ba ya motsi, matsa shi kawai ake yi. Ni a ganina wannan koma baya ne. Maɓallin gaske hannu ke haddace shi, ido yana kan hanya. Allo kuwa sai an kalle shi. Kamfanin da injiniyansa Béla Barényi ya ƙirƙiro gaban mota mai lanƙwashewa don ya shanye ƙarfin karo, kamfanin da ya kawo birkin ABS a 1978 da jakar iska a 1981, bai kamata a ce shi ke ɗauke idon direba daga titi ba. A 2025 su da kansu suka fara mayar da maɓallan gaske a sitiyarin sababbin motocinsu, saboda abin da masu saye suka nuna suna so ke nan.

Wannan sauyi ba jiya ya fara ba. A 1989 Toyota ta fito da Lexus LS400, mota mai shiru da ƙarko, a farashin da ya yi ƙasa da na S-Class, babbar motar alfarmar Marsandi, nesa ba kusa ba. Amsar Jamusawa ita ce sabuwar S-Class samfurin W140 ta 1991, wadda ta zo a makare, ta ci kuɗi fiye da ƙima. Daga nan shugabannin kamfanin suka yanke cewa motocinsu ingancin ya yi yawa, aka juya tsarin: da injiniya ke ƙera mota sannan a sa mata farashi, yanzu farashi ake fara yankewa sannan a ce wa injiniya ya shige ciki. Sakamakon bai ɓoyu ba. E-Class mai fitilu zagaye ta 1995 ta yi suna wajen tsatsa a Turai. Aka haɗe da Chrysler a 1998, auren ya mutu a 2007. A 2005 sai da aka janye motoci miliyan 1.3 saboda matsalolin wuta da birki. Gaskiya bayan nan sun gyara da yawa, E-Class ta 2009 shaida ce. Amma tunanin cewa akawu ke gaba injiniya na biye, shi bai koma ba.

Shi ya sa aka wayi gari ƙananan motocinsu irin A-Class da GLA suna ɗauke da injin lita 1.3 da aka ƙera tare da Renault, aka kuma ɗauko a-kori-kurar Nissan Navara aka sauya mata fuska aka kira ta X-Class a 2017. Masu saye ba su karɓe ta ba, a 2020 aka daina yin ta. Ba ina cewa injin Renault ba shi da kyau ba ne. Abin da nake cewa shi ne wanda ya biya kuɗin tauraro, injin tauraro ya zo saye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne C63, wadda ta fi kowace ƙarfi da gudu a dangin C300. Ban mallake ta ba, amma duk mai son mota ya san matsayinta. Ta zamanin tsohon samfurin W204 injin V8 ne mai lita 6.2, babu turbo, mutum ɗaya ke harhaɗa shi a garin Affalterbach na Jamus ya sa hannu a kan farantin da ke samansa. Tun daga nesa kake gane rurinta. Da suka zo yin ta samfurin W206, sai suka sa silinda 4 mai lita 2 da baturi da injin lantarki a baya. A takarda ƙarfin ya kai doki 671, ya fi na duk waɗanda suka gabace ta, kuma aikin injiniyan da ke ciki ba na wasa ba ne. Sai dai nauyinta ya haura tan 2, muryar kuma ta tafi. Masu sayen C63 ba lamba suke saye ba, kuma ya kamata a ce wani a Stuttgart, hedikwatar kamfanin, ya san haka kafin a fitar da ita. Za a ce dokokin hayaƙi na Turai ne suka tilasta. Akwai gaskiya a ciki, amma BMW a ƙarƙashin dokokin nan take, kuma ta bar silinda 6 a kishiyoyinta M3 da M340i. A W206 kuwa tun daga ƙarama har babba aka fito da su da silinda 4. Nawa injin yana ja, ba ya gajiya, amma in ka taka totur sautinsa da na kowace mota mai lita 2 duk ɗaya ne. Na 300E kuwa in ya buɗe, wani laushi gare shi da kake ji har a tafin ƙafa.

Sai batun haya a cikin abin da ka riga ka saya, wanda bai shafi C300 ba amma yana nuna inda hankali ya karkata. A 2022 aka sanar wa masu motocin lantarki na EQE da EQS a Amurka cewa za a ƙara musu ƙarfin gudu in sun biya dala 1,200 a shekara. A Jamus kuma a 2021 an fito da EQS tayoyin bayanta suna juyawa digiri 4.5, aka ce mai son 10 sai ya biya yuro 489 duk shekara. Ƙarfen yana jikin motar, ka biya kuɗinsa, manhaja ce kawai aka kulle. Kamfanin da takensa ke cewa ko mafi kyau ko babu, ya ƙera mafi kyau ɗin sannan ya rufe shi da kwaɗo.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Mu a nan yawancinmu ba mu ne masu saye na farko ba. Mu ne na biyu, na uku, wani lokaci na huɗu. Sunan da Marsandi ta yi a Kano da Kaduna da Maraɗi ba a shagon dillali ta yi shi ba, ta yi shi ne a hannun waɗanda suka same ta bayan ta shekara goma ko sha biyar a Turai, ta shigo ta Kwatano, ta sake yin wasu shekarun ashirin. Manyan motocin 911 da suka yi ta dakon kaya da mutane su ma haka. A gidan tarihin kamfanin akwai wata 240D da wani direban tasi ɗan Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da ita kafin ya ba da ita a 2004. Irin wannan motar an ƙera ta ne da tunanin wanda zai gaje ta. Ta yanzu kuwa lissafinta a kan wanda zai karɓe ta haya ta kamar shekara 3 ya mayar, tana cikin garantin shekara 4 ko mil 50,000 da ake bayarwa a Amurka. Abin da zai faru a shekara ta goma sha biyu ba shi ne a gaban mai zanen ba.

Ka duba kawai: C300 ba ta zuwa da safaya, babu ma gurbinta a but. A titin Jamus wannan ba komai ba ne, a tsakanin Gusau da Sakkwato kuwa magana ce babba. V-Boot duk bakaniken da ya ƙware yana iya sauraron injinta ya gaya maka ciwonta, kayanta kuma suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sabuwar sai da kwamfuta, wasu kayan ma in an sauya sai an yi musu rajista da manhajar kamfani kafin su yi aiki. Sanyi, rediyo, saitin mota, duk sun rataya a kan allo ɗaya. Ranar da allon ya tsufa a cikin zafinmu da ƙurarmu, ba maɓalli ɗaya za a saya ba.

Ba na cewa injiniyoyin sun ƙare. Injin silinda 6 a jere da suka dawo da shi a 2017, wanda ke cikin E450 da S-Class, abin yabo ne. G-Class har yanzu a garin Graz na Austriya ake ƙera ta tun 1979. Iyawar tana nan, sai dai an ɗaga ta sama zuwa motocin da sai wane da wane, musamman tun da shugaban kamfanin Ola Källenius ya bayyana a 2022 cewa ribar manyan motocin alfarma za su fi mayar da hankali a kai. A da ko 190, ƙaramar cikinsu, da hannu ɗaya aka ƙera ta da S-Class.

Wanda ke zaune a Abuja ko Kano, zirga-zirgarsa cikin gari ce, yana da bakanike mai kwamfuta, C300 za ta yi masa daɗi. Ya sayi safaya da jak ya ajiye a but, ya sa a binciki baturin volt 48 kafin ya biya, ya kuma tabbatar ba motar da ambaliya ta ci ba ce, domin ruwa da irin wannan wayarin ba sa shiri. Wanda yake neman abin da ya ji a motar babansa, gara ya nemi E350 ta tsakanin 2010 da 2016 mai tsafta, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki E450. Ni zan ci gaba da hawan tawa. Amma ranar da zan sauya, sai na ajiye ta gefe da Lexus ES na gwada su a hanya ɗaya kafin in ciro kuɗi, abin da shekaru ashirin baya ko a mafarki ba zan yi ba.