Kafin ka sayi na'urar awon ruwan rijiya don aikin fadama

Duk shekara idan damina ta ƙarato, ɗalibai masu bincike kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani sukan zo mini da tambaya ɗaya: an samu ɗan kuɗi, wace na'ura za a saya don a riƙa sanin yadda ruwa ke hawa da sauka a rijiyoyi? Amsar ta danganta da ƙasar da za a yi aikin a kanta, don haka zan ɗauki dausayin Haɗeja da Nguru, wanda na fi sani.

Ƙasar wurin a shimfiɗe take kamar tabarma. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna shigowa su rarrabu tsakanin tuddan yashi, su malala cikin fadamu wajajen Agusta da Satumba, sannan su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Wani kaso na wannan ambaliya yana nutsewa ƙasa, shi ne rijiyoyi ke sha har ƙarshen rani. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da lokacin zuwansa suka canza, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ruwan ƙasa gangare yake bi, daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi kwari, kamar yadda Henry Darcy ya nuna a Faransa a 1856. To a irin wannan shimfiɗa, bambancin tsayin ruwa tsakanin rijiyoyi biyu masu nisa da juna zai iya kasa kai taki ɗaya. Kuskuren santimita 5 kawai ya isa ya sa ka rubuta cewa ruwa na fita daga kogi zuwa gonaki, alhali komawa kogin yake yi. Wannan shi ne ma'aunin da zan auna kowace na'ura da shi.

Mafi araha shi ne tef ɗin ƙarfe da alli. Ka ɗaura ɗan nauyi a bakinsa, ka shafe mita ɗaya na ƙarshe da alli, ka zura har ya shiga ruwa, ka karanta lambar da ke daidai bakin rijiya, ka jawo ka cire tsawon da ya jiƙe. Idan mai awon yana da natsuwa, sakamakon ba ya kunyata kowa. Matsalarsa jinkiri, kuma a bututu mai gumi allin yakan jiƙe tun kafin ya kai ruwa. Igiyar guga ko ta leda kada ma ka fara, tana miƙewa idan ta sha ruwa.

Wanda nake cewa kowa ya fara saya shi ne tef mai ƙara. Waya biyu ne a jikin tef ɗin, da ɗan ƙarfe a baki. Da ya taɓa ruwa sai wuta ta zagaya, ka ji ƙara, fitila ta kama. Kamfanonin Solinst da Heron na Kanada sun yi suna a kansa, akwai kuma na Sin masu sauƙin kuɗi, wasu nagari, wasu lambobinsu na gogewa kafin shekara ta zagayo. Ka duba abu uku a shago. Na farko, zanen tef ɗin ya zama na milimita. Na biyu, kaurin ƙarfen bakin ya iya shiga bututun washbo ɗinka, wato ƙaramar rijiyar bututu ta fadama, don haka ka auna faɗin bututun tun kana gida. Na uku, tsawo. A fadama ruwa ba shi da nisa, tef mai mita 30 ya wadatar. Mai mita 100 nauyi ne da ƙarin kuɗi, sai dai idan za ka haɗa da rijiyoyin burtsatse na kan tudu. Ka ce a kawo bokitin ruwa ka gwada a gaban mai shago, ka kuma jera shi da tef ɗin ƙarfe ka ga ko lambobinsu sun zo ɗaya.

Akwai kuma mai aiki da sauti, wadda ke aika ƙara cikin bututu ta lissafa lokacin dawowar amsa-kuwwa. Tana da amfani a burtsatse mai famfo a ciki, inda tef zai sarƙe da wayoyi. A rijiyar hannu mai faɗi ko ruwa na kusa ba ta da tabbas, zafin iskar cikin bututu ma yana taɓa lissafinta. Ga aikin fadama ban ga dalilin sayenta ba.

Sai loga, wadda ita ce ke cin kuɗi, ita ce kuma ake yawan yin kuskure wajen sayenta. Ƙaramar na'ura ce kamar tocila siririya, ana rataye ta cikin ruwa ta riƙa auna nauyin ruwan da ke kanta duk bayan minti 15 ko awa guda, tana adanawa har watanni. Levelogger ta Solinst, HOBO ta Onset da Diver ta Van Essen su ne aka fi gani. Abin da take nunawa tef ba zai taɓa nuna maka ba. Ranar da na fara buɗe bayanan wata da na saka a gefen kachalla, na ga layin yana sauka a hankali tun daga hantsi har la'asar, da dare ya ɗan farfaɗo, kullum haka kamar numfashi. Tsirrai ne ke zuƙar ruwan da rana. Da ambaliya ta iso kuma, na ga ranar da ruwan rijiyar ya fara amsawa, da kwanakin da ya yi kafin ya kai ƙololuwa.

Abu na farko da za ka duba shi ne zurfi: kowace loga tana da iyakar zurfin da aka yi ta dominsa, kuma kuskurenta yana girma ne tare da wannan iyaka. Idan takarda ta ce kuskuren kashi 0.05 ne cikin 100, mai mita 10 za ta iya kaucewa da rabin santimita, mai mita 100 kuwa da santimita 5. Mutane suna ɗaukar babbar suna ganin ta fi ƙarfi. A fadama ƙaramar ce taka, mai mita 5 ko 10, muddin ruwan da zai hau kanta a tsakiyar ambaliya ba zai wuce haka ba.

Abu na biyu shi ne matsin iska. Loga rufaffiya tana auna nauyin ruwa haɗe da na iskar sama, kuma matsin iska yana motsi kullum da abin da ya kai santimitoci kaɗan na ruwa. Dole ka sayi wata ta daban da za a rataye a sarari ta auna iska kaɗai, a riƙa cirewa. Guda ɗaya tana isar rijiyoyin da ke cikin kilomita 30. Akwai loga mai siririn tiyon shan iska wadda ba ta buƙatar wannan, amma idan ambaliya ta shanye bakin rijiya ruwa ya shiga tiyon, awon ya lalace; a wurin da ruwa ke kwanciya duk shekara ka ɗauki rufaffiyar. Ka tambayi dillali ko farashin ya haɗa da abin da ake jona ta da kwamfuta, domin sau da yawa daban ake sayar da shi, kuma da dala ake lissafin komai. Yawancinsu ba a canza musu batir a gida, don haka ka nemi sanin shekarar da aka ƙera wadda za a ba ka. Masu aiko da bayani ta layin waya suna da daɗi, sai dai suna buƙatar sabis mai ƙarfi, wasu ma har da faifan sola a fili, wanda ke jawo ido.

Na taɓa rasa awon damina guda saboda na rataye loga da igiyar leda a rijiyar da ake ɗibar ruwa. Igiyar ta miƙe, wani kuma ya jawo ta ya duba ya mayar ba daidai ba. Tun daga nan sai wayar ƙarfe marar tsatsa, da bututun awo na musamman mai murfi da kwaɗo, da zama da mai unguwa da mai gonar a yi musu bayanin abin da ke ciki. Duk zuwa kuma ina auna ruwan da tef, da sassafe kafin a tayar da injinan ban ruwa, in gwada da abin da logar ta rubuta.

Idan kuɗin kaɗan ne, ga yadda zan raba shi: tef mai ƙara na mita 30, sandar awo mai lambobi da za a kafa a bakin kogi, ma'aunin ruwan sama, da ladan safiyo da zai auna tsayin bakin kowace rijiya daga alama ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, alhali sai da shi, da rijiyoyi aƙalla uku da ba a layi ɗaya suke ba, za a iya fitar da alƙiblar ruwan. In an samu ƙari, sai a sayi loga biyu da ta matsin iska ɗaya, a saka ɗaya dab da kogi, ɗayar can cikin gonaki inda ambaliya ba ta kaiwa.