Hatimin lauya ko zuwa Abuja, wanne Saudiyya za ta karɓa?

Ɗan uwa ka ce ka samu aikin koyarwa a Saudiyya sun nemi a tantance digirinka, wani ya ce ka je wurin lauya notari ya buga hatimi shikenan, wani kuma ya ce sai ka dangana da Abuja. Toh wallahi ba abu ɗaya bane.

Shi notari lauya ne da Alƙalin Alƙalai na ƙasa ya naɗa, zai duba kwafin ya ga ya yi daidai da ta ainihi ya sa hannu, a garinku ma zaka samu kuma yini ɗaya an gama. Amma fa iyakarsa kenan, bai shaida cewa jami'ar ce ta baka takardar ba.

Ta Abuja kuwa hawa-hawa ce, takardar karatu sai ta fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje a gidan Tafawa Balewa, sannan ofishin jakadancin Saudiyya, kowa yana tabbatar da sa hannun wanda ya gabace shi ne, shi ya sa in ka tsallake ɗaya na gaba zai dawo da kai. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biya, ka riƙe rasit ɗinka. Akwai wahala da kuɗin mota, amma gaskiya a harkar aiki ita ce ke da nauyi, ni ita zan ce ka bi.

Kar wani ya ruɗe ka da maganar afostil, hatimi ɗaya tilo na yarjejeniyar Hague ta 1961. Eh Saudiyya ta shiga a 2022, amma Najeriya bata ciki, don haka takardunmu basa samunsa. 

Abinda yafi damuna shine suna. Digiri Mohammed, fasfo Muhammad, ko an juya sunan uba ya dawo gaba, wannan kaɗai sai ya tsayar da kai, in akwai haka ka fara yin rantsuwa a kotu kafin ka hau mota. Ka kuma sa masu ɗaukarka aikin su rubuto maka takardun da suke so ɗaya bayan ɗaya, ka tafi da na ainihi da kwafinsu. Allah ya sa alheri.