Shagon Baba mai littafi: abin da na samu da abin da na rasa

Shekara tara ke nan ina koyar da adabin Turanci a nan Katsina, kuma fiye da rabin littattafan da ke kan kantata daga shago ɗaya suka fito. Shagon ba shi da allo, ba shi da suna. Yana cikin wani layi idan ka baro Ƙofar Ƙaura ka nufi cikin gari, a tsakanin wani tela da mai gyaran waya. Mai shagon dattijo ne, tsohon malamin firamare, kowa Baba mai littafi yake ce masa. Ƙananan malaman da aka ɗauka a sashenmu bana sun yi ta tambayata inda nake samo littattafai, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani game da wurin, zaƙinsa da ɗacinsa.

Wanda ba ya cikin aikin nan yana ɗauka shiga aji ne kawai. Ba haka ba ne. Tsani ne muke hawa, daga mataimakin lakcara zuwa lakcara na biyu, sai na ɗaya, sai siniya, sannan mataimakin farfesa da farfesa. Galibi shekara uku ake yi a kowane mataki, kuma cikar shekarun ba ta isa, sai an ga maƙalun da ka buga a mujallun ilimi. Matakai biyun ƙarshe ma sai an tura ayyukanka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun tantance. Mu 'yan adabi duk jimlar da muka ɗauko daga wani littafi dole mu faɗi bugun da lambar shafin. Na taɓa tura maƙala wata mujalla, bayan wata biyar ina jira aka dawo mini da ita, wai lambobin shafukan da na sa ba su dace da kowane bugu ba. Gaskiyarsu ne. Daga wani kwafi da ke yawo a WhatsApp na ɗauko, wanda wani ya sake bugawa a kwamfuta ya jera shafukan yadda ya ga dama. A wannan zagayen ban cika adadin maƙalun da ake nema ba, ƙarin girma ya wuce ni. Ranar na yi kuka a ofis. Tun daga nan ba na ambaton littafin da ban riƙe shi a hannuna ba.

A nan ne amfanin Baba yake. A can ƙuryar shagon akwai akwatunan ƙarfe guda uku irin na 'yan makarantar kwana, a ciki yake adana tsofaffin bugu, kowane littafi a cikin ledarsa saboda gara da ƙurar hunturu. Yawancinsu na jerin marubutan Afirka ne da kamfanin Heinemann ya fara fitarwa a 1962, masu bangon ruwan lemo ɗin nan, jerin da Chinua Achebe ya zama mai ba shi shawara a shekaru goman farko, kuma littafinsa Things Fall Apart na 1958 ne lamba ta ɗaya. Baba yana sayensu ne daga iyalan tsofaffin malamai idan an zo rabon gado, ko daga makarantun da suka share ɗakin karatu. Nawa kwafin Season of Migration to the North na marubucin Sudan Tayeb Salih, wanda ya fito da Larabci a 1966 aka fassara shi a 1969, yana ɗauke da hatimin wata kwalejin horon malamai da ya kusa gogewa. Wani da ya riga ni karanta shi ya ja layi da alƙalamin tawada a ƙarƙashin wurare da dama, a gefen wani shafi kuma ya rubuta da ajami, "haka ne wallahi". Naira 2,500 na saye shi. Da shi nake shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe har yau.

Abin da ya fi ɗaure ni da shagon shi ne yadda Baba yake jera kaya. Ba ya raba na Hausa da na Turanci. Shi a wurinsa labari labari ne, nahawu nahawu ne. Wata Asabar ina neman Mister Johnson na Joyce Cary, wanda ya fito a 1939, sai na same shi jingine da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Na ɗauki na Turancin zan biya, ya ce, "Ɗiyata, ki haɗa da na kusa da shi. Wannan Baturen Di'o ya yi a Borgu, ya rubuta mu yadda ya gan mu. Shi kuma Imam a nan garin yake koyarwa sa'ad da ya rubuta nasa. Ki ajiye su wuri ɗaya ki saurara."

Na ce, "Baba, ai ni sashen Turanci nake."

Ya ce, "To, Turancin a sama ya same ki?"

Na saya duka biyun. Mu a fagen nazarin adabin bayan mulkin mallaka mun saba da labarin cewa Achebe ya karanta littafin Cary yana ɗalibi a Ibadan, abin ya ɓata masa rai, ya ga dole ɗan ƙasa ya ba da nasa labarin. Kullum daga nan muke fara kwas, kamar babu abin da ya faru kafin 1958. Alhali tun 1933 wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa a ƙarƙashin hukumar fassara ta Zariya, kuma Abubakar Imam, malami a makarantar Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, wanda ya taɓo zuwan Turawa da yaƙin da aka yi da su. Ga mutanen da ake mulka suna rubutu da harshensu, a gasar da mai mulkin ya shirya, shi ne kuma editan da zai ce a rage nan a ƙara can. Tambayar da marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya tayar a 1986 kan harshen da ya kamata marubucin Afirka ya yi rubutu da shi, ashe tana da wata fuska a ƙofar gidanmu, shekara hamsin kafin nan. Maƙalar da na rubuta a kan littattafan nan biyu ita ce ta fi karɓuwa cikin duk abin da na buga, kuma tana cikin waɗanda suka kai ni lakcara ta ɗaya.

Sai dai dole in faɗi inda shagon ya gaza, don kada wani ya je da dogon buri.

Littattafan ra'i, wato waɗanda muke ɗora nazari a kansu, kusan babu. Orientalism na Edward Said, na 1978, sau ɗaya na taɓa ganinsa a wurin, shi ma fotokwafi ne da aka ɗinke. Na Homi Bhabha da Gayatri Spivak kuwa Baba bai ma san da su ba. Wanda ke shirin digiri na uku ba zai dogara da shagon nan a wannan ɓangaren ba. Sababbin marubuta ma sai an dace. Da aka ba Abdulrazak Gurnah kyautar Nobel a 2021, ɗalibaina suka yi ta murna da na gaya musu cewa mutumin Zanzibar ne, tsohon farfesan adabin Turanci da na bayan mulkin mallaka a Jami'ar Kent ta Ingila, kuma ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980. Irin aikinmu ya yi, a nan kusa da mu. Na je wurin Baba neman littafinsa Paradise, babu ko ɗaya. Ya karɓi rabin kuɗi, ya kira wani abokin cinikinsa a Ibadan, littafin bai iso ba sai bayan mako bakwai, ta motar tasha, gefensa ɗaya ya jiƙe da man ja. Ya rage mini kuɗi ba tare da na roƙa ba, amma zangon karatu ya riga ya yi nisa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bugun sata. Littattafan da ke kan teburin gaba, waɗanda ake karantawa don jarrabawar sakandare da 'yan aji ɗaya da biyu na jami'a, da yawansu jabu ne. Takardar sirara ce, rubutun bayan shafi yana lekowa ta gaba, bangon yana ɓarewa cikin mako biyu. Na tura ɗalibai su sayi The Stillborn na Zaynab Alkali, muna cikin karatu a aji sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce nata ya tsallake shafi goma sha shida. Muka duba, mutum bakwai ne haka. Na koma na same shi, na ce, "Baba, wannan ba girmanka ba ne. Matar nan tana raye, guminta ne." Ya yi shiru, sannan ya ce yara ba su da kuɗin na ainihi, idan bai kawo ba wani zai kawo. Ya canza wa bakwai ɗin. Bai daina sayarwa ba, amma yanzu yakan faɗa wa mai saye wanne ne wanne kafin a biya. Ni ban gamsu ba, kuma ya san ban gamsu ba.

Shagon ƙarami ne, fanka ɗaya ce, a watan Afrilu ba a iya daɗewa a ciki. Babu jerin sunayen littattafai a rubuce, komai a kan Baba yake, ranar da ba ya nan jikansa ba ya iya gano komai a cikin akwatunan. Ba a karɓar kati, sai tsabar kuɗi ko tiransifa.

Akwai abu ɗaya da ba zan manta ba. A yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya kai wata takwas albashi ya tsaya, ni kuma a lokacin nake babi na uku na digirina. Littafi shida na ɗauka bashi. Ya rubuta a wani tsohon littafin rajista, bai taɓa aiko mini ba, bai taɓa canza fuska ba idan na shigo. Da na zo biya ya ce in fara cire kuɗin makarantar yara tukuna.

Mai niyyar zuwa ya je da safe kafin azahar, ya rubuta sunan littafi da marubuci da kamfanin da ya buga a takarda, ya kuma ce kai tsaye na akwati yake so, ba na tebur ba. Ya buɗe ya ƙirga shafuka kafin ya biya. Ni jiya na kai masa takardar littattafai huɗu da nake bukata don neman siniya baɗi. Ya sa tabarau ya karanta, ya ce biyu suna cikin akwati na tsakiya, ɗaya sai an tambayi Zariya, na huɗun bai taɓa jin sunansa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce in dawo bayan Juma'a.