Caja mai ƙwaƙwalwa ko mai tiransifoma: wacce ta dace da batir mai ruwa?

Wa alaikumussalam Malam. Ka tambaya wace caja ce ta dace da batirinka mai ruwa na 200Ah, mai ƙwaƙwalwa (wato otomatik, mai daidaita wuta da kanta) ko mai tiransifoma. Mai ƙwaƙwalwar za ka saya, ko da kuwa kuɗinta ya fi.

Irinta nake amfani da ita a shagona. Lokacin da muka tafi ƙauye biki na bar ta a jone, NEPA na kawowa suna ɗaukewa yadda suka saba. Da na dawo sai na tarar da koriyar fitila a kunne, na dafa jikin batirin na ji shi da sanyinsa, na buɗe murafen na leƙa, ruwan yana nan inda na bar shi. Tun daga ranar na daina tashi cikin dare don cire caji.

Abin da take yi mataki uku ne. Da farko tana ɗura wuta da ƙarfinta har batirin ya kai wajen 14.4V. Sai ta tsaya a nan, tana rage wutar da ke shiga a hankali har ya cika. Daga nan ta sauko wajen 13.5V ta riƙe shi. Wannan saukowar ita ce ke tsawaita ran batir. Idan aka ci gaba da ɗura wa cikakken batir wuta, ruwan cikinsa rabuwa yake yi ya zama iska ya fice, ka ji yana tafasa. Ruwa na ja baya farantan dalmar da ke cikin batirin su fito fili su lalace, iskar kuma mai kama wuta ce, shi ya sa ba a caji a rufaffen ɗaki. Haka nan idan kullum caji rabi da rabi yake samu, wani farin gishiri zai daskare a kan farantin dalmar, sai ka ga batirin da ke kwana da fanka ya koma awa biyu.

Ga kuma zafinmu. Alƙaluman nan an tsara su ne a kan ma'aunin zafi 25, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Batir mai zafi ƙarancin wuta yake buƙata, don haka nemi wadda ke da wayar auna zafi da ake manna wa a jikin batir, ita za ta riƙa ragewa da kanta.

Mai tiransifoma fa? Tana da arha, tana da gyara a bakin kasuwa, tana kuma iya tayar da batirin da ya mutu murus har mai ƙwaƙwalwa ta ƙi ganinsa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Ba ta san batir ya cika ba, kai ne mai gadinta.

Girma kuwa, kashi ɗaya cikin goma na batirin za ka nema, wato 20A. 'Yar ƙarama mai 5A ta batirin mota ce, da wutar da ake ba mu ba za ta taɓa cika maka shi ba.

Ba ka tambaya ba, amma a yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu manna takardar otomatik a jikin kwalin da babu komai a ciki sai fitilu masu walƙiya, wasu kuma a rubuta 20A alhali ko rabi ba ta bayarwa. Je da mai gyaran da ka yarda da shi da mitarsa ya auna wutar da take fitarwa a gabanka, kuma ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa. A gida, bayan ta nuna ya cika, sa mita a kan batirin: in ka ga 15V ko ya ƙi saukowa ƙasa da 14V, mayar musu da kayansu.

In wata rana ka koma batirin litiyom, duba ko tana da saitinsa kafin ka jona, kuma kada ka kunna masa saitin narkar da farin gishirin nan da wasu cajoji ke da shi, na batirin dalma ne kaɗai.