Kofin silba mai hannu biyu da ya raba yarona da fida

Mai sunan Malam yana da wata goma sha uku ranar da nas ɗin da ke duba mu a wajen awo ta ɗaga leɓensa na sama, ta nuna min wani farin layi a gindin haƙoransa na gaba. Ta tambaye ni ko da fida yake kwana. Na ce e, ita ce ma ke sa shi barci. Ta ce to wannan farin shi ne farkon lalacewar haƙori. Madara tana da nata sukarin ko ba a zuba mata ba, kuma idan yaro ya yi barci yawu yana raguwa, sai madarar ta kwanta a haƙoran sama har gari ya waye. Gabana ya faɗi, don ni a zatona gata nake yi masa.

Ba da son raina ya fara fida ba. Malamar firamare ce ni, hutun haihuwa ya ƙare na koma aji, ruwan nono ya dinga ja baya duk da kunun kanwa da na gyaɗa da na sha. Na san ayar Baƙara da ta ce shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, na kuma so in cika, amma yana wata tara ya juya kai ya ƙi mama gaba ɗaya. Daga nan muka dogara da madarar jarirai ta gwangwani, wadda duk wanda ya saya tun daga 2023 zuwa yau ya san yadda kuɗinta ya tashi.

Abu uku nas ta ce in riƙe. Tunda ya wuce shekara zai iya shan madarar shanu mai cikakken mai. Kada ta wuce kamar rabin lita a rana. Sannan a kofi za a ba shi, fida kuma a rabu da ita kafin ya kai shekara ɗaya da rabi.

Asabar ɗin da ta biyo na sauka a Bata na shiga kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan jarirai. Rumfar da na tsaya ba ta da allon suna, baho da fo da shawul ne jibge a bakinta, fidoji kuma a rataye kamar an shanya albasa. Mai rumfar dattijo ne mai furfura a gemu. Na ce masa kofin nan nake so da ba ya zubar da abu ko an kife shi, irin wanda na gani a hannun 'yar wata abokiyar aikina. Ya ɗauko shi, ya fasa ledar fiya wata ya zuba a ciki, ya rufe, ya kife shi a kan tafin hannunsa. Ko ɗigo bai fito ba.

"Kin gani, Hajiya? Yadda bai zuba a hannuna ba, haka ba zai zuba a bakin yaro ba sai ya tsotsa da ƙarfi. Fida ce aka sauya wa riga. In dai raba shi da tsotso kike so, ga abin da za ki saya."

Ya miƙo min wani ɗan kofin silba mai hannu biyu, wanda kuɗinsa bai kai sulusin na farkon ba. Na yi mamakin ɗan kasuwa da ke kore ciniki mai tsoka da bakinsa. Amma zuciyata tana kan mai tsadar, saboda haka na haɗa uku: mai hana zuba, wani na roba mai tsinken zuƙa, da na silbar. Ya ce, "Allah ya raya shi," ya ƙara min da ɗan siririn burushi na wanke tsinke, bai karɓi kuɗinsa ba.

Mai hana zuban shi na fara gwadawa, kuma gaskiyar Alhaji mai rumfar ce. Yaron ya karɓe shi nan take, ya kwanta rigingine yana tsotsa, daidai yadda yake yi da fida. Ban ci gaba ko taku ɗaya ba. Abin da ya raba ni da shi kuwa wanki ne. A ƙarƙashin murfin akwai wata 'yar roba da ke toshe hanyar madara, ban san ana cire ta ba sai bayan kwana biyar da na ji wani tsami-tsami yana tashi duk da na wanke. Na sa farce na ɓalle ta, sai ga baƙin datti ya kwanta a lungunta. Lokacin zafin Afrilu ne, wanda a Kano madara ba ta awa biyu a waje ba ta fara juyawa ba. Wanda ya riga ya sayi irin wannan kofi, don Allah ya dinga ɓalle robar a kowane wanki, ya zuba mata tafasasshen ruwa, ya bar ta ta bushe kafin ya mayar. Ni dai tun ranar na ajiye shi.

Mai tsinken ba laifi. Kwana biyu ya yi yana hura iska a ciki kafin ya gane zuƙa ake yi, kuma shi nake ɗauka idan za mu shiga adaidaita sahu zuwa gidan biki ko asibiti. Ruwa kawai nake zubawa a ciki, don tsinken yana riƙe maiƙon madara ko an sa burushi. Cikin wata biyu ya tauna bakin tsinken ya tsage.

Na silbar shi ne abin magana. Ɗan ƙarami ne, bai kai kofin shayi ba. Na auna da tsohuwar fidarsa, mililita 120 ke kai shi kusa da baki, don haka na san kofi huɗu a rana sun kusa rabin litar da aka ce. Bakinsa a lanƙwashe yake, babu kaifin da zai yanki leɓe. Gindinsa ya fi samansa nauyi kaɗan, ba ya saurin kifewa idan an dire shi a kan tabarma. Hannayen kuma daidai yatsun yaro, yana riƙe shi da hannu biyu kamar mai shan fura a ƙwarya. Ba shi da lungu a ciki, soso da sabulu sau ɗaya ya fita tas, in na ga dama in jefa shi a tukunyar ruwan zafi. Ya faɗi a siminti ya fi a ƙirga, ya lotsa a gefe ɗaya, bai fashe ba.

Yana da nasa aibin. Silba tana ɗaukar zafi da wuri, ranar farko da na zuba madara mai ɗumi sosai ya taɓa bakin kofin ya janye yana kuka, sai da na yi kwana biyu ina lallashi kafin ya sake yarda da shi. Yanzu sai na ɗiga a bayan hannuna, na kuma taɓa bakin kofin da leɓena tukunna. Ba shi da murfi, ga ƙuda da rana ga ƙura idan hunturu ya shigo, dole in kife masa faranti. Wajen da aka liƙa hannayen daga waje akwai 'yar tsaga da ke tara datti, sai da tsohon burushin haƙori take fita. Sannan zuba kam za a yi ta. Makon farko abin da ya shiga cikinsa bai kai wanda ya bi wuyansa ba.

Yadda muka yi shi ne, na shimfiɗa tabarmar roba a tsakar gida, na tuɓe masa riga, na zuba ruwa kamar cokali biyu kawai a kofin. Ina riƙe gindin yana riƙe hannayen. Ya kurɓa, ya ƙware, ya yi tari, ya kalle ni, ya sake kai baki. Da ya saba da ruwa na koma madara. Hajiya, mahaifiyar babansa, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana kallonmu, ta ce ita 'ya'yanta takwas da moɗa da ludayi ta raine su, ba wanda ya taɓa ganin fida. Ta karɓi kofin ta juya shi ta ce, "Wannan ai moɗa ce aka yi wa kunnuwa." Ita ta nuna min in daina ɗaga masa kofin sama, in bar madarar ta taɓa leɓensa kawai shi zai ja da kansa. Daga ranar ƙwarewar ta ragu.

Fidar rana muka fara cirewa, bayan mako guda ta safe. Ta dare ita ce ta ba mu wuya. Daren farko ya yi kuka tun bayan isha'i har wajen sha ɗaya, yana nuna kan durowa inda ya san ana ajiye ta. Na goya shi ina zagaya tsakar gida, babansa ya karɓa ya saɓa shi a kafaɗa yana yi masa karatu a hankali. Da safe Hajiya ta ce, "Ki kawo min shi ya yi mako a wajena, haka ake yaye." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in an raba shi da fida an kuma raba shi da ni a lokaci guda abin zai yi masa yawa." Ba ta ji daɗi ba, amma ta bar ni. Na san gidaje da yawa haka suke yi kuma yaran suna tashi lafiya, ni dai zuciyata ba ta ɗauka ba. Dare na biyu kukan bai kai awa ba. Na huɗu ya sha kofinsa bayan tuwo, na goge masa haƙora, ya yi barci a bayana.

Ita madarar kanta sai da na yi karatun ta-natsu a kanta. Akwai wata Bafillatana da ke shigowa unguwarmu da hantsi, na roƙe ta ta dinga kawo min sabuwar tatsa, ba kindirmo ba. Ina tace ta da kyalle mai tsabta, in ɗora a wuta sai ta tafasa ta taso, in sauke in rufe. Wannan tafasawar ba a wasa da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wata cuta mai sa zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi. Yanar da ke kwanciya a sama nake kwashewa, don in ta taɓa harshensa tofarwa yake. Tunda wuta ba ta tsayawa balle a dogara da firji, abin da zai shanye a ranar kawai nake saya. Ban juya shi lokaci ɗaya ba: na yi mako guda ina haɗa ta da ta gwangwanin da ya saba, kullum ina rage waccan ina ƙara wannan, har bakinsa ya karɓa. Kashinsa ya ɗan yi tauri kwana biyu, gwanda da ruwa suka warware shi.

Ranar da Bafillatanar ba ta zo ba ina dama ta gari, kuma a nan ma akwai abin lura. Ba kowace madarar gari ce mai cikakken man shanu ba. Wata an cire man an maye shi da man itatuwa, za a ga an rubuta "filled" a jikinta, ita ce ta fi araha. Wadda aka rubuta "full cream" nake nema, in duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ta awo da ake ƙullawa a leda ba na ba shi, don ban san daga wane buhu ta fito ba. Mai kaurin nan mai zaƙi kuwa cike take da sukari, ba ta yaro ba ce.

Dalilin da ya sa aka ce kada a wuce rabin lita, madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, wanda shi ke gina jini. Yaron da ya cika cikinsa da ita ba zai ci abinci ba, sai a wayi gari yana da ƙarancin jini alhali kullum yana shan madara. Wannan ma ƙaramin kofin ya taimaka min, domin da fida yakan shanye cike biyu a kwance bai sani ba, da kofi kuwa yana ƙoshi yake ture shi. Cin abincinsa ya buɗe: faten wake, dafaffen ƙwai, hanta da nake daka masa a miya, tuwo da miyar zogale ko alayyafo. Shayi na hana a ba shi, don yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin abinci, kuma sai da na yi ta nanata wa 'yan gidan kafin su daina miƙa masa nasu.

Rumfar kanta, in za a je a shirya tsayuwa, babu wajen zama, layin kuma matsattse ne, masu baro suna ta neman hanya. Mai goyo ta je da safe kafin rana ta take. Ba a mayar da kaya in an fita da su. Tsinken canji babu, ya ce sai dai a sake sayen kofin gaba ɗaya, abin da ban ji daɗinsa ba. Na kuma lura in Alhaji ya tafi masallaci, yaron da ke tsare masa yakan faɗi kuɗin da ya ɗara nasa, saboda haka gara a jira shi ya dawo. Amma shi kansa mutum ne mai faɗa maka gaskiyar kayansa, har da wanda bai kamata ka saya ba.

Yanzu mai sunan Malam yana wata goma sha tara. Farin layin bai ƙaru ba, ina goge masa safe da dare da man goge baki ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Da asuba in ya ji motsina a kicin, da kansa yake zuwa ya ciro lotsattsen kofinsa daga cikin kwando ya miƙo min. Makon jiya na koma Sabon Gari zan sayo wa ƙanwata guda biyu, 'yarta ta shiga wata bakwai za ta fara kurɓar ruwa. Alhaji ya gane ni, ya tambayi yaro, ya ce masu hannu biyun sun ƙare sai an kawo daga Legas. Na bar masa kuɗin guda biyu, ya rubuta a bayan kwali, ya ce in leƙo ranar Asabar.